BUGUWAR KAI: Alamomin da ke nuna dole a garzaya asibiti, da abin da doka ta tanada

Idan babur ya kayar da mutum a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, abin da jama'ar da suka taru suka fi dubawa shi ne jini. In kai ya fashe jini yana zuba, nan da nan za a tsayar da mota. In kuwa wanda ya faɗi ya miƙe da ƙafafunsa, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce babu komai, sai a yi masa barka da arziki, kowa ya kama gabansa.

Wannan ma'auni ya sha halaka mutane. Fatar kai cike take da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ɗan yanka kaɗan kan jiƙa riga sharkaf alhali ƙwaƙwalwa ba ta taɓu ba. Jinin da ya fi kisa shi ne wanda ke taruwa a cikin ƙoƙon kai, inda ido ba ya kaiwa. Ana gane shi ne ta sauyin da ke bayyana a hayyacin mutum da maganarsa da tafiyarsa cikin sa'o'in da suka biyo bayan buguwar.

Sanin waɗannan alamomi ya fi zama wajibi ga mazauna kwarin Gulbin Rima, domin tsakanin inda ake jin rauni da inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa akwai tafiya, kuma tafiyar tana cin lokacin da majinyaci ba shi da shi.

Abin da ke faruwa a cikin ƙoƙon kai

Ƙoƙon kan baligi rufaffen akwati ne na ƙashi, ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Abubuwa uku ne suka cika shi: ƙwaƙwalwa, da jini, da wani ruwa garai-garai da ƙwaƙwalwar ke shawagi a cikinsa. Idan jijiya ta tsinke jini ya fara taruwa, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, babu sararin da zai ɗauki ƙarin. Sai matsi ya hau, ya danne ƙwaƙwalwa, ya tura ta ƙasa zuwa ga sashen da ke kula da numfashi da bugun zuciya. A nan ne rai kan fita.

Buguwa mafi yawa ba ta kaiwa nan. Abin da aka fi samu shi ne girgizar ƙwaƙwalwa: mutum ya ji jiri da ciwon kai, ya ɗan rikice, haske ya dame shi, sannan ya warware cikin kwanaki ko 'yan makonni. Matsalar ita ce a sa'o'in farko, mai girgizar ƙwaƙwalwa da wanda jini ke taruwa a kansa suna iya yin kama da juna.

Lafawar da ke yaudara

A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma wata babbar jijiyar jini tana bi ta ƙarƙashinsa. Gora, ko jifan dutse, ko harbin doki, ko faɗuwa a kan kwalta na iya tsaga ƙashin ya tsinka jijiyar. Wanda abin ya samu zai iya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, ko ma ya ƙi suma sam. Zai yi magana daidai, ya koma gida, har ya ci abinci. Bayan sa'a ɗaya, ko uku, ko fiye, sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci mai nauyi ya ɗauke shi, daga nan a kasa tayar da shi.

Haka ta faru ga 'yar wasan fina-finan Ingila, Natasha Richardson, wadda ta faɗi a wurin wasan sululu kan ƙanƙara a ƙasar Kanada cikin Maris 2009. Ta tashi tana magana, ba ta yarda a kai ta asibiti da farko ba, kuma bayan kwana biyu ta rasu sakamakon jinin da ya taru a kanta. Mai tsaron ragar Chelsea, Petr Čech, shi kuwa ƙoƙon kansa ya lotsa a wasansu da Reading cikin Oktoba 2006. An yi masa tiyata cikin gaggawa, ya koma fili bayan kimanin wata uku, ya ci gaba da wasa da hular kariya har ya yi ritaya.

Irin wannan taruwar jini tana cikin raunukan da tiyata ke warkarwa sarai idan an yi ta a kan kari. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1981 kan wani nau'in taruwar jinin ya gano cewa cikin waɗanda aka yi wa tiyata kafin cikar sa'a 4, kashi 30 cikin 100 ne suka mutu, cikin waɗanda aka yi wa bayan haka kuwa kashi 90 ne. Bincike na baya-bayan nan ya nuna akwai wasu abubuwan da ke shiga lissafin, amma darasin bai sauya ba: da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Alamomin da ba a jira da su

Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani bayan buguwar kai, a nufi sashen gaggawa na asibiti nan take, ko da tsakar dare ne:

1. Suma da mutum bai farfaɗo ba, ko barcin da ake wahala kafin a tayar da shi, ko ya buɗe ido ya sake lumshewa.
2. Ruɗewa: rashin gane 'yan uwa ko wurin da yake, maimaita tambaya ɗaya, ko faɗa da fizge-fizge ba bisa ɗabi'arsa ba.
3. Jijjiga irin ta farfaɗiya.
4. Amai fiye da sau ɗaya.
5. Ciwon kai da ke ƙaruwa, wanda farasitamol bai kwantar da shi ba.
6. Mutuwa ko nauyin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, sarƙewar harshe, ko tangaɗi a tafiya.
7. Ganin abu biyu-biyu, dishi-dishi, ko ɗaukewar ji.
8. Baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa.
9. Jini ko ruwa garai-garai yana fita ta kunne, ko ruwa garai-garai yana ɗiga ta hanci.
10. Kumburi da duhu a kewayen idanu biyu ko a bayan kunne ba tare da an bugu a wurin ba. A baƙar fata wannan ba ya fitowa fili, sai an duba da fitila.
11. Lotsawar ƙashi, ko rauni mai zurfi, ko wani abu da ya soki kai.
12. Ciwon wuya mai tsanani, ko jin kamar lantarki na bin hannuwa da ƙafafu.

Akwai alamar da ta fi ruɗar masu jinya, wato minshari. Idan wanda ya bugu ya kwanta yana wani irin minshari mai ƙarfi da ba a san shi da shi ba, a tayar da shi. In bai farka ya yi magana daidai ba, dogon suma ne ya shiga.

Waɗanda dole likita ya duba ko da sun ce lafiyarsu lau

Wasu kan fita daga haɗari ba tare da ko ɗaya daga alamomin can ba, amma duk da haka bai kamata su kwana ba a duba su ba. Na farko, duk wanda ya suma, ko na daƙiƙa kaɗan ne, da wanda ya manta yadda abin ya faru. Na biyu, wanda buguwarsa ta zo da ƙarfi: mota ta kaɗe shi, babur ya yi jifa da shi, ya faɗo daga saman lodin tirela ko a-kori-kura, ko daga tsayin da ya wuce mita 1. Na uku, wanda ya kai shekara 65. Na huɗu, mai shan maganin hana daskarewar jini irin su warfarin, da mai cutar da ke sa jini ya ƙi tsayawa, da wanda aka taɓa yi wa tiyata a kai.

Na biyar shi ne wanda ke cikin maye. Sau da yawa akan ga matashi yana tangaɗi yana sambatu bayan faɗa ko haɗari, sai a ce ƙwaya ce ke ɗibarsa, a bar shi ya yi barci. Maye yana ɓoye alamomin rauni. Ƙa'idar likitoci ita ce a ɗauka buguwar ce ta jawo ruɗewar har sai gwaji ya nuna akasin haka. Wannan ya shafi wanda aka tsare a hannun jami'an tsaro ko 'yan sa-kai bayan an yi masa duka, da wanda aka jefa a taron siyasa.

Yara da tsofaffi

Jariri ba ya iya cewa kansa na ciwo. A lura da kukan da ya ƙi tsayawa, ƙin kama nono, lanƙwamewar jiki, da maɗiga da ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake yi ba. Ga yaron da bai cika shekara 1 ba, ƙululu ko yanka da ya wuce santimita 5 dalili ne na zuwa asibiti. Ga yara masu wayo, amai sau 3 ko fiye, da ƙin wasa, da yawan barci a lokacin da ba na barci ba, duk ababen tsoro ne. Lokacin mangwaro, da yara ke hawa bishiya, ya kamata iyaye su tambayi yaron da ya dawo gida shiru ko ya faɗo. Tsoron duka kan sa yaro ya ɓoye.

Tsofaffi kuwa nasu ya bambanta. Ƙwaƙwalwa kan ɗan motse da shekaru, ƙananan jijiyoyin da ke samanta su miƙe, ta yadda zamewa a banɗaki ko buga kai a ƙofa kan isa ya tsinka ɗaya. Jinin yana tsattsafowa a hankali, sai bayan makonni a ga dattijo ya fara mantuwa, yana jan ƙafa, yana yawan gyangyaɗi. Iyali kan ce tsufa ne, ko shanyewar ɓarin jiki, wasu su ce iska. Sau da yawa ƙaramar tiyata ce ake yi, a huda ƙashin a zuƙe jinin, mutum ya dawo hayyacinsa. Duk dattijon da ya sauya haka, a tuna wa likita faɗuwar da ya yi ko da wata biyu ne baya.

Abin yi da abin bari a wurin haɗari

Buguwar da ta isa ta sumar da mutum ta isa ta karya masa wuya. Ciccibar sa ta hannuwa da ƙafafu kai yana reto na iya tsinka lakar da ba ta riga ta tsinke ba, ya shanye har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu daidai da gangar jiki, wasu uku ko huɗu su ɗaga shi tare zuwa kan faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa. A ɗauke shi a kwance cikin mota. Kada a zaunar da shi a tsakiyar mutum biyu a kan kabu-kabu.

In zai yi amai, a mirgina shi gefe ɗaya gaba ɗayansa, kai da jiki tare. In yana sanye da hular kwano, kada a cire sai in ta hana shi numfashi. A danne wurin da ke jini da ƙyalle mai tsabta, amma in ƙashin ya lotsa a rufe kawai ba tare da dannawa ba. Abin da ya soki kai kada a zare shi. Kunnen da ke zubar da ruwa ko jini kada a toshe shi. Kada a zuba toka, ƙasa ko baƙin mai a rauni.

Kada a girgiza wanda ya suma, kada a sheƙa masa ruwa, kada a ɗura masa madara ko ruwa ko rubutu, domin abin da aka ɗura kan bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Mai jijjiga ba a sa masa cokali a baki, ba a danne shi. Mai ɗori da wanzami suna da aikinsu, amma ba su da hanyar ganin jinin da ke cikin ƙoƙon kai. Addu'a kuwa ana yin ta a cikin mota, ana tafiya.

A riƙe lokacin da abin ya faru, da tsawon sumar, da adadin aman, domin su ne likita zai fara tambaya. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. In ba a samu amsa ba, kada a tsaya jira.

Ina za a nufa

A Argungu da ƙauyukanta, zangon farko shi ne Babban Asibitin Argungu. A babban birnin jiha akwai Asibitin Tarayya da aka fi sani da FMC, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, sannan akwai cibiyar lafiya ta jiha a Kalgo. Cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ta daɗe tana karɓar majinyata daga Kebbi da Zamfara, har da Jamhuriyar Nijar, ita ce ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Sunan Farfesa Bello Bala Shehu, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, yana haɗe da kafuwarta.

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kimanin kilomita 50 ne, daga Argungu zuwa Sakkwato kuma kusan 100. Wanda ya taso daga ƙauyukan Augie ko Arewa sai ya ƙara da tafiyar shigowa gari, wadda da damina kan ninka. In aka haɗa da lokacin neman mota da haɗa kuɗi, sa'o'i huɗun nan sun kusa ƙarewa tun ba a tsaya ko'ina ba. Don haka biyawa ta kemis, ko cewa a bari zuwa safe, asara ce da ba a mayarwa.

Wannan ba ya nufin a tsallake asibiti mafi kusa. Wanda numfashinsa ya sarƙe ko jini ke zuba daga jikinsa yana bukatar a daidaita shi tukuna, domin ƙarancin iska da faɗuwar ƙarfin jini suna ƙara lalata ƙwaƙwalwar da ta bugu. Abin da ya kamata 'yan uwa su tambaya da isarsu shi ne: yana bukatar hoton CT? Akwai shi a nan, yana aiki? In babu, ina za a tura shi, kuma yaushe? A karɓi takardar turawa kafin a tashi.

Abin da likita ke dubawa

Likitoci suna auna hayyaci da Ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Raguwar makin tsakanin awo da awo ya fi lambar farko muhimmanci, shi ya sa ake maimaitawa.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin da ke cikin kai, don haka fitowarsa lafiya ba ta wanke mutum. Hoton CT ne ke nunawa. Akwai kuma wata allura mai araha, tranexamic acid, wadda gwajin CRASH-3 da aka yi kan mutum 12,737 a ƙasashe 29, har da Najeriya, ya nuna a 2019 cewa tana rage mace-mace a rauni mai sauƙi da matsakaici idan aka yi ta cikin sa'a 3. Likita ne ke yanke hukuncin bayar da ita, amma wanda ya iso a makare ya riga ya rasa damar.

Bayan an koma gida

Wanda aka duba aka sallama yana bukatar babban mutum a kusa da shi na aƙalla sa'a 24. Ba laifi ya yi barci, hutu ma magani ne, muddin ana leƙa shi ana tabbatar da yana farkawa ya amsa daidai. Farasitamol ya wadatar. A guji asfirin, ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, domin suna iya ƙara zubar jini. A guji tramadol, kodin da maganin barci. Kada ya tuƙa mota ko babur sai ya warware. Ko ɗaya daga alamomin sama ya bayyana, a koma asibiti.

'Yan dambe da 'yan kokawa, waɗanda wasanninsu ke cikin shagulgulan Bikin Kamun Kifi na Argungu, da matasan da ke buga ƙwallo a unguwa, su sani cewa bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari. Wanda aka kayar ya ruɗe ya bar fage a ranar, kuma shawarar da ake bi a Birtaniya ita ce kada ya koma gasa kafin kwana 21.

Abin da doka ta ce

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Rashin kuɗin ajiya ko takardar 'yan sanda ba hujja ba ce. Wata doka ta 2017 ta ƙara jaddada haka ga waɗanda aka harba da bindiga. Dokar 2014 ta kuma kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, ta ware kashi 5 cikin 100 nasa don kulawar gaggawa. A kan wannan ne aka gina shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na NEMSAS da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2022.

Ta fuskar rigakafi, tun 1 ga Janairu 2009 aka fara tilasta sanya hular kwano ga masu babur, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a kai don kauce wa kamu. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hular, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kashi 69. Hukumar ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kisan masu shekara 5 zuwa 29.

Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21. Duk lokacin da ake muhawarar kasafin kuɗi a Majalisar Dokoki, ko ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, akwai tambayoyin da matasa ke da haƙƙin neman amsarsu a rubuce. Na'urar CT nawa ce ke aiki a asibitocin gwamnati, kuma tana aiki da dare? Motar ɗaukar marasa lafiya nawa ce ke da mai da direba a kowane babban asibiti? Nawa jihar ta karɓa daga kason gaggawa, kuma wa aka yi wa magani da shi? Inshorar KECHEMA tana ɗaukar kuɗin hoton kai? Wane tanadi ake yi wa filayen dambe, hawan salla da tarukan siyasa?

Kafin amsoshin su zo, abin da ke hannun kowa shi ne ya zauna kusa da wanda ya bugu, ya riƙa yi masa magana, ya lura da amsarsa. In amsar yanzu ba ta kai ta ɗazu ba, a tashi mota.